A duba batirin ƙararrawar gida kafin mai aikin wuta ya sauke disjonktar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu yi magana kan abin da ke yawan haɗa masu gida rigima da masu aikin wuta a nan Maradi, wato ƙararrawar ɓarayi da ke ɓarkewa da ihu da zarar an yanke wuta za a yi gyara. Gidajen da ke da irin wannan na'ura sun yawaita, a Ali Ɗan Sofo da Zariya da sababbin unguwannin gefen gari, haka ma shaguna da ɗakunan ajiyar kaya na ƴan kasuwa. Aikin wuta kuma ba ya ƙarewa: wannan yana haɗa sola, wancan yana jan layin na'urar sanyaya ɗaki, wani yana canza tsofaffin wayoyi. Mai aiki zai sauke disjonktar, wato makunnin da ke yanke wutar gida, can an jima jiniya ta cika unguwa, mai gida ya danna lambarsa ta sirri allon lambobin ƙararrawar ya ƙi amsawa, maƙwabta su leƙo. Ƙarshenta a hau tsani a datse wayar jiniyar da filaya, a ce mai aikin wuta ya ɓata na'ura. Sau da yawa babu abin da ya ɓata. Batirin da ke cikin akwatin ƙararrawar ne ya daɗe da mutuwa ba wanda ya sani.

Ga yadda abin yake a ƙararrawa mai waya. Akwai uwar na'ura a cikin akwatin ƙarfe ko roba, galibi a ɓoye cikin sito ko bayan kabad. Wutar gida mai volt 220 tana shiga ƙaramar taransifoma ta sauko zuwa wajen volt 16 ko 17, uwar na'urar ta mayar da ita kusan volt 13.8. Da wannan take ciyar da allon lambobi da idanun da ke gano motsi da jiniya, da shi kuma take cajin batirin da ke zaune a ƙasan akwatin. Batirin nan rufaffe ne mai dalma, ba a zuba masa ruwa, kuma wanda aka fi samu shi ne mai rubutun 12V 7Ah, wato volt 12, Ah kuma ma'aunin yawan wutar da yake iya ajiyewa ne. Idan wuta ta ɗauke, shi ke karɓar aiki nan take.

Jiniyar da ke manne a bangon waje kuwa, a na'urori masu kyau, tana da nata ɗan batiri daban. Uwar na'ura tana aika mata wuta dare da rana, kuma wannan wutar ce ke hana ta kuka. Duk lokacin da ta daina jin wutar, sai ta ɗauka ɓarawo ne ya yanke wayarta, ta fara kuka da batirinta. Da gangan aka ƙera ta haka. To idan an yanke wutar gida, batirin akwati kuma matacce ne, uwar na'ura ta mutu, allo ya mutu tare da ita, jiniya ta rasa wutar da ke riƙe ta. Shi ya sa lambar sirri ba ta aiki a wannan lokacin, don babu mai karɓar ta. Datse wayar ma ba ya tsayar da kukan, tunda abin da jiniyar ke kuka a kai ke nan. Za ta yi shiru da kanta idan lokacin da aka saita mata ya cika, wata minti 3, wata har minti 15, ko kuma a mayar da wuta uwar na'ura ta farfaɗo a sa lamba.

Mai karatu zai iya cewa, a garin da ake yawan ɗauke wuta ai da batirin ya mutu da an sani tuntuni. Abubuwa biyu ne ke ɓoye shi. Na farko, gidajen da ke iya sayen ƙararrawa su ne kuma ke da inbata ko sola, don haka ko NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, ta ɗauke wuta, akwatin ƙararrawa bai san an ɗauke ba. Batirinsa zai iya shekara biyu ba a neme shi aiki ba, sai ranar da mai aiki ya kashe har da inbatar. Na biyu, batirin da ya gaji yana iya riƙe minti 30 ko awa ɗaya, ya tsallake ƙananan ɗauke-ɗauken wuta, amma aikin da za a fara da hantsi a tashi la'asar ya fi ƙarfinsa.

A gidan da babu inbata matsalar daban ce. Cajar da ke cikin uwar na'ura ƙarama ce, ba ta wuce rabin ampiya ko kusa da haka ba, saboda haka batirin 7Ah da ya zube yana bukatar yini guda da kwana kafin ya cika. Idan wuta ta dawo awa huɗu ta sake tafiya, bai cika ba an sake jan sa. Batirin dalma kuwa ba ya son zama da rabin ciki. Farantan cikinsa suna yin wani farin ɓawo mai tauri da ba ya narkewa, ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Duk batirin da ya ratsa watannin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, bai kamata a ce har yanzu shi ne a cikin akwati ba.

Sai zafi. Shekara 3 zuwa 5 da kamfanoni ke rubutawa a matsayin rayuwar wannan batiri, lissafi ne na ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 25. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage rayuwarsa da rabi. A Afrilu da Mayu Maradi tana taɓa digiri 40 har ta wuce, ga akwatin ƙarfe a rufe cikin sito mai rufin kwano, ga taransifoma tana nata zafin a gefensa. A ganinmu, a nan garin duk batirin da ya cika shekara biyu a canza shi ko da yana nuna lafiya, wanda ya cika shekara ɗaya kuma a gwada shi kafin kowane babban aiki.

Sanin awannin da batiri zai riƙe ba shi da wuya. A tara abin da kowane sashi ke ja, yana rubuce a takardarsa ko a bayansa. Misali, gida mai uwar na'ura da ke jan miliampiya 100, allo ɗaya mai 60, idanu shida kowanne 15, jiniyar waje mai 30, da sashin da ke aika saƙo ta waya mai 50. Jimla miliampiya 330 ke nan, wato ampiya 0.33. A raba 7 ɗin nan na 7Ah da 0.33, ya ba da awa 21. A cire kashi ɗaya cikin biyar domin ba a tatse batiri har ƙarshe, saura wajen awa 17, kuma wannan na sabon batiri ne cikakke. Wanda ya rasa rabin ƙarfinsa awa 8 zai yi. Idan kuma jiniyar cikin gida ta yi kuka a tsakani, tana iya jan ampiya guda ita kaɗai, lissafin ya ƙara raguwa. Ƙa'idar Turai ta EN 50131 ta nemi ƙararrawar gida ta riƙe aƙalla awa 12 babu wuta, kuma wannan ma'auni ne mai kyau da za mu iya ɗauka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin batiri a yi shi kwana biyu ko uku kafin ranar aiki, domin idan an canza, sabon ya samu lokacin cika.

Kafin a taɓa murfin akwatin a san cewa akwai ɗan maɓalli mai sifirin a ciki wanda murfin ke dannewa. Da an ɗaga murfin zai saki, ƙararrawa ta tashi, ko da an kashe ta da lambar mai gida, domin wannan layin ba ya barci. Irinsa yana cikin allo da kowane ido da jiniya. Ana kauce wa hakan ne da lambar mai haɗawa, wadda ta bambanta da ta mai gida, ita ke sa na'ura cikin yanayin gyara. Idan babu ita, a tsayar da mutum ɗaya gaban allo, da an buɗe murfi ta fara kuka ya danna lambar mai gida ta yi shiru. A gaya wa maƙwabta da mai gadi tukuna.

An buɗe, sai a ɗauko na'urar awo a sa ta kan volt 20 na wutar batiri, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi. Idan wutar gida na nan, ya kamata ta nuna 13.5 zuwa 13.8. A nan ne da yawa ke ruɗuwa: su ga 13.7 su rufe akwati su ce batiri lafiya lau. Wannan adadin na caja ne, matacce ma haka zai nuna. Amfaninsa kawai shi ne sanin lafiyar cajar. In ya tsaya a 12 da wani abu, caja ba ta aiki ko fiyus ɗinta ya ƙone, kuma sabon batiri ma mutuwa zai yi. In ya haura 14.4, dafa batirin take yi.

Gwaji na gaskiya sai an zare wayar ja daga batirin, an bar shi ya huta rabin awa. Mai lafiya cikakke zai nuna 12.6 zuwa 12.9. Daga nan a ɗora masa kaya. Ƙwan birkin mota mai watt 21 ya isa, yana jan kusan ampiya 1.75. A haɗa shi da bakunan batirin, na'urar awo na manne, a duba agogo. Bayan minti 5 batirin kirki yana nan sama da 12, ƙwan yana haske tar. Wanda ya gaji za ka ga lambobin suna gangarowa a gaban idonka, 11.8, 11.3, 10.9, hasken ƙwan yana komawa ja. Wannan ba ya bukatar shawara. Haka kuma wanda cikinsa ya kumbura, ko bakunansa suka yi farin gari, ko ake jin ɗumi a jikinsa, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, a fitar da shi ba sai an auna ba.

Mai gidan da ba shi da na'urar awo yana da nasa gwajin. Da rana, bayan ya sanar da maƙwabta, ya kashe layin da ke ciyar da ƙararrawar kawai, ya zauna kusa. Allo zai nuna alamar rashin wuta, wataƙila ya yi ɗan ƙara, wannan daidai ne. Idan alamar raunin batiri ta fito cikin awa ɗaya ko biyu, ko hasken allon ya dushe, ya mayar da wuta maza, ya nemi sabon batiri.

Wajen saye a lura, domin kasuwa cike take da batirai masu rubutun 7Ah da ba su kai ba. Dalma ce ke riƙe wuta, dalma kuma nauyi gare ta. Batirin 7Ah na gaske yana kai kilo 2 zuwa sama kaɗan, duk wanda ka ɗaga ka ji shi sakayau an rage masa faranti. A sa mai shago ya auna a gabanka, in bai kai 12.5 ba ya daɗe a ajiye cikin zafi. A duba girman bakunan, akwai mai faɗin milimita 4.8 akwai mai 6.3, kuma in aka sa babbar kafa a ƙaramin baki za ta yi lako-lako, haɗin ya riƙa yankewa. Tsawonsa wajen santimita 15 ne, faɗinsa 6 da rabi. Akwai mai 9Ah da girmansu ɗaya, yana shiga akwatin, sai dai cikarsa ta fi jinkiri. Batirin babur mai ruwa bai dace ba, yana fitar da iska mai kama wuta da tururin asid da ke cin allon na'ura. Na mota kuma ya fi ƙarfin cajar. Bayan an sa sabo, a rubuta wata da shekara a jikinsa da alƙalami mai kauri.

Wajen sawa a cire zobe da agogon ƙarfe. Volt 12 ba ya jan mutum, amma idan ƙarfe ya haɗa bakunan nan biyu, ɗan batirin yana iya tura ampiya masu yawan da za su mayar da zobe garwashi a yatsa. A kuma tuna kusurwar akwatin da wayar 220 ke shiga tana da rai. Wanda ya juya ja da baƙi, in ya yi sa'a fiyus ne zai ƙone, in bai yi ba allon uwar na'ura ne.

Ranar aiki, abin da za a yi ya danganta da tsawon aikin. In na awa biyu ko uku ne kuma batiri ya ci gwaji, a kashe ƙararrawa da lamba, a sauke disjonktar, a danna maɓallin da ke tsayar da ƙarar allo, shi ke nan. In na yini ne, a lissafa awannin kamar yadda muka nuna, a kuma tabbatar an mayar da wuta kafin magariba, don batirin da ya yini yana aiki ba zai iya kwana yana gadi ba idan aka ɗauke wuta da dare.

Aikin kwanaki, irin na canza wayoyin gida gaba ɗaya, shi ke bukatar shiri. Hanya mafi kyau ita ce a ba ƙararrawar wuta ta wucin gadi: a zare wayarta daga layin gida ɗungurungum, a sa mata filogi, a ja mata doguwar waya daga inbata ko janareta. Mun ce ɗungurungum ne saboda in aka bar ta haɗe da layin gida aka cusa mata wuta daga gefe, wutar za ta koma baya ta bi wayoyin da mai aiki ke riƙe da hannu yana zaton matattu ne. Idan hakan ba zai yiwu ba, a kashe na'urar baki ɗaya bisa tsari. A fara da sa ta a yanayin gyara. Sai jiniyar waje: wasu suna da hanyar sa su barci daga allo, wasu sai an hau an buɗe an zare batirinsu. Mai hawa ya toshe kunnuwansa, wani ya riƙe masa tsani, domin ƙarar da ta haura desibel 100 a dab da fuska tana iya firgita mutum ya saki hannu. Bayan jiniya a yanke wutar 220, a ƙarshe a zare batirin akwati. Abin da bai kamata ba shi ne a bar batirin a haɗe ya tsiyaye har ƙasa. Da ya sauka ƙasa da 10.5 ya kwana biyu a haka, ko sabo ne ba zai koma yadda yake ba. Kuma gidan da aka kashe wa ƙararrawa kada a bar shi ya kwana babu kowa.

Muna da magana ta musamman ga ƴan uwanmu masu aikin wuta. Sauke disjonktar ɗin da ke kusa da mita ba ya nufin gida ya mutu. In akwai inbata, cikin ƙiftawar ido za ta karɓa ta ci gaba da tura 220 cikin wayoyin. A kashe ta, a raba ta da batiranta da farantan sola, a tabbatar janareta ba zai tashi ba, sannan a auna da na'urar awo tsakanin faz, wato wayar da ke kawo wuta, da nutural, wato wadda wutar ke komawa ta cikinta, da kuma tsakanin kowannensu da wayar ƙasa. Sukudireba mai ɗan ƙwai ba shaida ba ce. Mita da abin da NIGELEC ta ɗaure da hatiminta kuwa ba na taɓawa ba ne, in aikin ya kai can a kira su.

Abubuwa uku ne a aikin wuta ke kashe uwar na'ura da gaske, kuma a nan ne laifin ke iya zama na mai aiki. Na farko gwajin rufin waya da na'urar da ke tura volt 500. Duk wani abu mai allon lantarki da aka bari a layin zai iya ƙonewa, don haka a zare ƙararrawa, faz da nutural duka, kafin a danna. Na biyu ya fi yawa, kuma ya shafi gidaje masu faz uku. Idan aka kwance nutural alhali faz suna da rai, ko aka mayar da wuta an manta ba a ɗaure shi tamau ba, wutar da ke zuwa wa wasu layukan tana iya hawa har kusa da volt 380. Taransifomar ƙararrawa da talabijin da cajar waya duk tare za su tafi. Nutural shi ake fara ɗaurewa, shi ake kwancewa a ƙarshe, kuma kafin a mayar da ƙararrawa kan layi a auna a ga 220 ko kusa da haka. Na uku injin walda da ake jonawa a layin gida ana haɗa ƙofa ko ƙarfen farantan sola. Hawa da saukar da yake jawowa ba ta yi wa ƙananan na'urori daɗi, gara a sauke layin ƙararrawa a bar ta kan batiri har a gama.

Wayar ƙararrawa siririya ce, mai jijiya huɗu ko shida ko takwas, kuma sau da yawa tana binne a filasta babu bututu. Mai fasa bango ko mai huda shi ya tambayi inda ta bi. In an yanke ta, ƙararrawa za ta tashi nan take. Kada a murɗa jijiyoyin a naɗe da salatif a shafe da siminti. A haɗa launi da launi da dalma, a rufe kowace daban, a sa haɗin cikin ɗan akwati da za a iya buɗewa gobe. A ƙarshen kowane layi, cikin idon, akwai ƴar ƙaramar resista da uwar na'ura ke aunawa don ta san layin lafiya yake. Ƙimarta ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani 1k, wani 2.2k, wani 5.6k, don haka in ta faɗi ba a maye ta da duk wadda aka samu. Kada kuma a cusa sabuwar wayar 220 cikin bututu ɗaya da ta ƙararrawa. A bar tazarar kamar santimita 30, in dole su haɗu su gitta juna. Rashin kiyaye wannan ne ke jawo ƙararrawar da ke tashi da tsakar dare duk lokacin da famfon ruwa ko na'urar sanyaya ɗaki ta kama.

Tunda an riga an buɗe allon rarraba wuta, a yi amfani da damar a ba ƙararrawa nata ƙaramin disjonktar mai ampiya 2 zuwa 6, a rubuta sunanta a kai. Bai dace a ɗauko mata wuta daga bayan makunnin fitila ba, ko daga soket ɗin da yara ke zarewa su sa caja. Kada a haɗa ta da layin fitilun tsakar gida ko famfo, domin su ne ruwan damina ke shiga ya sauke disjonktar da ke kare layin, ƙararrawa ta koma kan batiri ba a sani ba. In akwai inbata a sa ta a layin inbatar, amma a riƙa gwada batirinta duk wata uku tunda mun ga yadda inbata ke ɓoye mutuwarsa. Na'urar kare tsawa a allon rarrabawa ma tana da amfani, sai dai ba ta aiki in gidan ba shi da wayar ƙasa ta kirki.

Ƙananan ƙararrawa marasa waya da ake sayarwa cikin kwali, masu ɗaukar layin waya, nasu ya fi sauƙi kuma ya fi rauni. Ɗan batirin litiyum ne a cikinsu, awanni kaɗan yake yi. Idanunsu da maganaɗisun ƙofa suna da nasu ƙananan batirai, yanke wuta bai shafe su ba. Wadda ke aiki da intanet ɗin gida kuwa, da an kashe wuta akwatin intanet ya mutu, jiniya za ta iya kuka amma saƙo ba zai kai wayar mai gida ba. Mai layin Airtel ko Moov ko Zamani a ciki ya duba ko da kuɗi a layin kuma ba a rufe shi ba saboda daɗewa ba a yi amfani da shi ba.

Da aiki ya ƙare ana mayar da komai ne ta baya: a auna wutar layin, a haɗa batirin akwati, a ɗaga disjonktar, jiniyar waje ta zo a ƙarshe, a rufe murafe duka har maɓallansu su danne. Wasu na'urorin ba sa tashi da batiri kaɗai sai sun ji wutar gida, kada a ɗauka sun lalace. Wasu kuma suna farkawa a yanayin da suka mutu, in a kunne suke za su tashi a kunne, don haka mai lamba ya tsaya kusa. Lambobin sirri ba sa gogewa a yawancinsu, amma agogo da kwanan wata suna ɓacewa, a gyara su, in ba haka ba tarihin da na'urar ke ajiyewa ba zai yi amfani ba ranar da aka neme shi. A goge ƙurar siminti daga fuskar kowane ido da busasshen ƙyalle, a duba ko an jingina kabad ko tsani a gabansa. Sannan a bi ɗaki ɗaki ana wucewa gaban idanun, a buɗe kowace ƙofa mai maganaɗisu, a bar jiniya ta yi kuka na daƙiƙa kaɗan, a ga saƙo ya shigo waya. Alamar raunin batiri tana iya zama a allo har kwana guda bayan dogon aiki. In ta wuce kwana biyu, a sake aunawa.

Mai gida kada ya ba ma'aikata lambarsa. Kusan kowace na'ura tana karɓar lambobi da yawa, a buɗe musu ta wucin gadi a goge ta ranar da suka kwashe kayansu. Ba zargin kowa muke ba, amma aikin kwanaki yana tara mutane, har da waɗanda shi kansa mai kwangilar bai san su sosai ba, kuma duk sun ga inda akwatin yake. A gidaje da yawa mita da disjonktar suna jikin katanga ta waje ko cikin zaure inda hannu ke kaiwa. Wanda ya san batirin gidan ba ya riƙe awa ɗaya, abin da zai yi kawai ya sauke wuta ya koma gefe ya jira. A sa wa akwatin disjonktar ɗin kwaɗo, a kuma kunna saƙon da ke sanar da mai gida an ɗauke wuta in na'urar tana da shi.

Masu haɗa ƙararrawa su ma da nasu. Ana samun gidajen da wanda ya haɗa musu ya zo ne daga wani gari, ya gama ya tafi da lambar mai haɗawa da takardun na'ura, lambar wayarsa kuma ta daina shiga. Mai gida ya biya kuɗin kayansa, haƙƙinsa ne a bar masa takardar na'urar, da zanen inda wayoyi suka bi, da sunan kowane layi, da bayanin yadda ake sa jiniyar waje barci. Wanda za a haɗa wa sabuwa ya nemi waɗannan kafin ya biya cikon kuɗi.

Tsohon batirin da aka cire kada a jefa shi a bola ko a bar wa yara su fasa. Dalma da asid ne a ciki, kuma dalma guba ce da ta fi yi wa ƙananan yara illa. A naɗe bakunansa da salatif a kai wa masu sayen tsofaffin batirai, ko a bar wa mai shagon da aka sayi sabon.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu aikin wuta da haɗa na'urorin tsaron gida,
Maradi.